Rufin Shago da Sito: A Duba Shi Kafin Ruwan Farko

Duk shekara, idan watan Afrilu ya doshi ƙarshe, hadarin farko yakan zo wa Zariya da iska mai ƙarfi, kuma washegari mu ma'aikatan duba-gari mukan tarar da kwanon rufi yashe a tsakiyar layi, daga Sabon Gari har Tudun Wada da Samaru. Akasarin wannan ɓarna tun cikin rani take somawa, lokacin da kusoshi suka saki, gara ta cinye katako, tsatsa ta huda kwano, ba tare da kowa ya hau ya duba ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yoyon da ake rainawa. Na taɓa shiga wani sito a tsakiyar Agusta na tarar an tara baho a ƙarƙashin huda, ga buhunan masara jingine da bango, gindinsu duk ya yi kore da fumfuna. Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa idan sun sha danshi tana fitar da dafin da ake kira aflatoksin, wanda dafuwa ba ta kawar da shi, kuma yana daga cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin hanta. Mai sito yana ganin asarar buhu biyu kawai ya yi, alhali hatsin da ya shanya ya sake sayarwa zai ƙare ne a tukunyar kunu da tuwon mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Haka kuma silin da ya jiƙe ya rufta yakan zama hanyar ɓeraye zuwa kan kayan abinci, kuma ta fitsari da kashin ɓera ne zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa.

Akwai kuma al'adar danne kwano da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Taya takan riƙe ruwa har ƙarshen damina, sauro kuwa kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai. A sauke su, a kira kafinta ya sauya katakon da ya ruɓe, ya buga kusa mai hula, a kuma kwashe ƙurar hunturu da ledojin da suka toshe indararo.

Tsofaffin gine-ginen da ke da rufi ko silin na asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ake cakuɗawa da siminti a yi fale-falen rufi) suna buƙatar hattara ta musamman. Kada a fasa shi, kada a yanka shi a bushe, domin ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa.

Sau da yawa gyaran yakan tsaya ne saboda jayayya tsakanin mai shago da ɗan haya, kowa yana jiran ɗan'uwansa har ruwa ya sauko. Shawarata ita ce a rubuta wanda gyaran rufi ya rataya a wuyansa tun ranar karɓar makulli, shugabannin kasuwa su shaida. A yi aikin cikin Fabrairu ko Maris, da sassafe kafin kwano ya yi zafi, a kashe wutar lantarki kafin kafinta ya hau, a shimfiɗa masa katakon da zai taka a kan kwanon da tsatsa ta ci.