Rediyo a Damagaram a zamanin wayar salula

Rediyo shi ne kafar labarai da ta fi kowace isa ga jama'a a jihar Damagaram, wadda takardun gwamnatin Nijar ke rubutawa Zinder. Dalilin a fili yake: akasarin manya a karkara ba su yi karatun boko ba, akasarin jaridun ƙasar da Faransanci ake buga su a Yamai mai nisan kilomita kusan 900, talabijin kuma sai da wutar lantarki. Yaɗuwar wayar salula da intanet ba ta kori wannan kafa ba, amma ta sauya yadda ake saurarenta, ta ƙwace mata gatan zama ta farko wajen ba da labari, ta kuma taɓa aljihun gidajen rediyon.

Asali

An kafa Rediyon Nijar a 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. A 1967 aka haɗa shi ƙarƙashin hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, ORTN, a 1974 kuma aka sa masa suna La Voix du Sahel, wato Muryar Sahel. Hukumar tana da reshe a Damagaram, kuma a 2022 sunanta ya koma RTN. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraro, inda mutanen gari ke taruwa kan akwati guda su ji shiri a kan noma ko lafiya, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a mayar gidan rediyo. Duk mai cewa intanet ne ya fara ba mai sauraro baki, bai san wannan tarihi ba.

Damagaram ta yi suna a wancan zamani da wasan kwaikwayo na Hausa, inda ƙungiyar da Yazi Dogo ke ciki ta shahara a faɗin ƙasar. Ta rediyo kuma muryar makaɗan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo ta kai garuruwan da ba su taɓa taka ƙafa ba.

Sai dai kunnen Badamagare bai taɓa tsayawa kan tashar gwamnati kaɗai ba. Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, harshen kuma ɗaya ne, saboda haka Rediyon Kaduna ya samu masu sauraro sosai. A gajeren zango ana kama sashen Hausa na BBC da ya fara aiki a 1957, da na Muryar Jamus tun 1963, da na Muryar Amurka tun 1979. RFI ta Faransa ta shigo sahun a 2007. Lokutan shirye-shiryen waɗannan tashoshi, na asuba da na rana da na bayan isha'i, sun zama tamkar agogo ga dattawa da 'yan kasuwa.

Buɗewar fage

Babban taron ƙasa na 1991 ne ya kawo ƙarshen kakagidan gwamnati a kan iska. Tashoshi masu zaman kansu sun fara bayyana a Yamai a tsakiyar shekarun 1990, cikinsu har da Anfani ta Grémah Boucar, wadda ta buɗe reshe a Damagaram. Daga baya birnin ya samu wasu, irin su Shukura da Alternative. A 1999 aka buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare, yammacin ƙasar, kuma tsarin ya bazu har ƙasar ta mallaki fiye da ɗari, jihar Damagaram na da nata kaso. Waɗannan ƙananan tashoshi ƙungiyoyin gari ne ke riƙe da su, ba don riba ba. Su ne ke magana da Barbarci da Fulatanci da Buzanci da Tubanci a yankuna irin su Gure da Tanut da Tesker, inda Hausa kaɗai ba ta wadatar.

Zamanin FM ya zo da abin da tsohon rediyo ba shi da shi: sunan mutum da na unguwarsa a bakin mai gabatarwa. Shirye-shiryen gaishe-gaishe da zaɓi sonka sun taimaka wajen fito da fada-fadar samari, waɗannan majalisun shayi da ke kowace kusurwa a Birni da Zango da Garin Malam, domin kowace fada na son a ambaci sunanta. A da sai a rubuta takarda a kai tasha da ƙafa. Da salula ta zo, sai aka koma bugo waya kai tsaye, kuma shirin da ake buɗe layi jama'a su koka kan ƙarancin ruwan famfo, matsalar da ta daɗe tana addabar birnin, ya zama cikin waɗanda aka fi jira.

Abin da waya ta canza

Abu na farko da waya ta haɗiye shi ne akwatin kansa. Ƙananan wayoyi masu araha irin na Itel da Tecno suna zuwa da FM da tocila, ba sa cin data ko kaɗan, kuma cajinsu na kwana biyu ko uku. Ɗan kabu-kabu da mai shayi da matar da ke daka a tsakar gida duk suna sauraro ta nan. A Kasuwar Dole kuma akwatunan da ake sayarwa yanzu 'yan China ne masu ɗan faifan sola da ramin katin memori, ta yadda abu guda ke kama tasha, ya kuma kunna wa'azi ko waƙar da aka tura a shagon caji. Wannan bai rage masu sauraro ba. Abin da ya ragu shi ne zaman taro kan akwati ɗaya, da kuma gajeren zango, wanda sabbin na'urori da yawa ba sa kamawa.

Kishiyar rediyo ta gaske ba jaridar intanet ba ce, saƙon murya ne na WhatsApp. Shi ma da Hausa yake zuwa, shi ma ba ya neman wanda ya iya karatu, ga shi ba ya jiran ƙarfe bakwai ta yi. Rasuwa, farashin gero a kasuwar Mirya, haɗarin mota a hanyar Magarya, labarin 'yan ci-rani a Libiya ko Aljeriya, duk suna zagaye gari kafin mai karanta labarai ya shiga ɗakin watsa shiri. Tare da su jita-jita ke tafiya: tsohon hoto da aka ce na jiya ne, muryar da ba a san mai ita ba tana rantsuwa cewa a gabanta aka yi. Aikin ɗan jarida ya karkata daga kawo labari zuwa tace shi, kuma har yanzu kalmar "an faɗa a rediyo" tana kashe gardama a majalisa fiye da "an turo mini".

Gidajen rediyon ma sun shiga wannan kasuwa. Wakilin ƙauye da a da sai ya ba direba kaset, yanzu da wayarsa yake naɗar rahoto ya turo. Tashoshi na da shafukan Facebook, wasu na haska shiri kai tsaye, ana yanka muhimman hirarraki a watsa a zaurukan WhatsApp. Amfanin wannan ya fi bayyana ga 'yan jihar da ke Kano ko Agadas ko Saudiyya, waɗanda zangon FM ba ya kai musu. Amma a cikin gida intanet na da iyaka: kuɗin data a wurin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom nauyi ne ga talaka, layin kuma yana rauni da an bar bakin kwalta. Matasan da ke da babbar waya kuwa, irin ɗaliban Jami'ar André Salifou, TikTok ya fi ɗauke musu hankali, kuma babu tabbacin za su dawo kan rediyo idan sun girma kamar yadda iyayensu suka yi.

Kuɗi da wuta

Nan ne ciwon yake. Damagaram ba ta da manyan kamfanoni masu talla, ban da 'yan ƙalilan. Tasha na rayuwa ne da sanarwar ɗaurin aure da suna da rasuwa da cigiya, da sayar da fili ga malamai da masu maganin gargajiya, da kwangilar ƙungiyoyin agaji masu son faɗakarwa kan rigakafi ko tamowa ko karatun 'ya'ya mata. Sanarwar biki yanzu kyauta ake tura ta a waya, ɗan kasuwa kuma na tallan hajarsa a shafinsa. Dubban masu kallo a Facebook ba sa sa wa tasha ko dala a asusu. Kuɗin ƙungiyoyin waje ma ya ja baya tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sannan rufe ayyukan hukumar agaji ta Amurka a 2025 ya ƙara tsuke hanyar. Tallafin da gwamnati ke ware wa kafofin labarai bai cika zuwa a kan kari ba.

Sakamakon haka ma'aikata da yawa, musamman a rediyon al'umma, 'yan sa-kai ne, wasu kuma albashinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ƙware sai ya tafi Yamai ko ya kama aiki da wata ƙungiya. Tashar da ke cikin yunwa kuwa da wuya ta ce wa mai maganin da ke iƙirarin warkar da kowace cuta ya dakata, tunda shi ke biyan kuɗin man janareto.

Wutar lantarkin yankin ta dogara sosai da layin da ya taso daga Katsina. Da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, har zuwa farkon 2024, tashoshi sun ɗanɗana kuɗarsu. Abin ban takaici, matatar SORAZ da ke tace ganga 20,000 a rana tun 2011 tana nan arewa da birnin, amma mai ba kyauta ba ne. Sola na rage wahala, sai dai batura na mutuwa, zafin bazara da ƙurar hunturu kuma na kashe na'urar watsa shiri, gyaranta sau da yawa sai an nemo mai gyara ko kayan daga nesa.

Doka da tashoshin waje

Dokar 2010 ta cire hukuncin ɗauri kan laifukan aikin jarida. Amma dokar laifukan intanet ta 2019 ta buɗe wata ƙofa, an sassauta ta a 2022, sannan aka maido da ɗauri a Yunin 2024 kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Maganar da aka yi a iska ta wuce, idan aka ɗora ta a shafi sai ta zama shaidar da ke nan daram, kuma wannan ya sa editoci taka-tsantsan da layin da suke buɗe wa masu bugo waya.

Cikin ƙasa da shekara biyu, muryoyin waje da aka saba ji ta FM suka yi ta ɗaukewa. An dakatar da RFI a Agustan 2023. A Disamban 2024 aka dakatar da BBC na wata uku, bisa zargin yaɗa labarin ƙarya kan wani hari a jihar Tilaberi. Muryar Amurka kuwa gwamnatin ƙasarta ce ta tsayar da ita a Maris na 2025. Mai babbar waya da data ya bi su ko makamantansu a intanet, manomin Dungas mai ƙaramin akwati kuwa sai abin da tashar kusa ta ba shi. Tashoshin da ke karɓar kuɗi ko kayan aiki don tura shirye-shiryen waɗannan kafofi su ma sun yi asara. Studio Kalangou, wanda gidauniyar Hirondelle ta kafa a Yamai a 2016, yana shirya labarai da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, tashoshin ƙawance na watsawa, kuma ya cike wani ɓangare na gurbin.

A Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Gidajen rediyon Damagaram sun fi shekara hamsin suna sarrafa Hausa a labarai da shari'a da kiwon lafiya, kuma kalmomi da yawa da jama'a ke amfani da su kan zaɓe ko kasafin kuɗi daga bakin masu fassarar rediyo suka fito. Mafi yawan wannan aiki, tare da wasannin kwaikwayo da waƙoƙin fada na da, yana kan tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset, waɗanda zafi da ƙura ke ci sannu a hankali matuƙar ba a kwafe su zuwa kwamfuta ba.