Gwamnatin Vichy: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Mece ce Vichy?

Wani ƙaramin gari ne a tsakiyar Faransa, inda masu kuɗi ke zuwa wanka da ruwan magani. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Faransa ta Marshal Philippe Pétain ta zauna can daga Yulin 1940 zuwa Agustan 1944, saboda garin na da otal-otal da yawa da layukan tarho masu kyau. An mai da ɗakunan kwana ofisoshin ministoci, shi kuma Pétain ya sauka a Hôtel du Parc.

Hitler ne ya naɗa Pétain?

A'a, kuma don Allah a daina rubuta haka. Jamus ta kawo hari ranar 10 ga Mayu 1940, Paris ta faɗi ranar 14 ga Yuni, firaminista Paul Reynaud ya ajiye aiki ranar 16, shugaban ƙasa ya kira Pétain ya kafa gwamnati, tsoho mai shekara 84 da ake girmamawa tun yaƙin Verdun na Yaƙin Duniya na Ɗaya. An sa hannu kan tsagaita wuta ranar 22 ga Yuni. Ranar 10 ga Yuli 'yan majalisar Faransa da kansu suka miƙa masa cikakken iko: 569 suka yarda, 80 suka ƙi. Amurka ma ta amince da gwamnatinsa, har ta aika Admiral William Leahy jakada.

To gwamnatin Vichy da de Gaulle ɗaya ne?

Kai! Charles de Gaulle, janar na sojan Faransa, ya tsere Landan, ya yi kira a gidan rediyon BBC ranar 18 ga Yuni cewa a ci gaba da yaƙi. Kotun sojan Vichy ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa.

Nawa Faransa ke biya?

Faran miliyan 400 kullum, wai kuɗin ciyar da sojan mamaya. Sannan Jamus ta tsayar da canji a kan faran 20 ga mak ɗaya na Jamus, don haka sojan Jamus ya shiga kanti ya kwashe kaya da araha. An bar wa Vichy soja 100,000 kacal a cikin ƙasa, fursunonin yaƙi kimanin miliyan ɗaya da rabi kuwa suna tsare a Jamus. Ku riƙe wannan adadi, don shi ne igiyar da aka riƙa jan Vichy da ita. A 1942 shugaban gwamnatin Vichy Pierre Laval ya shirya musaya: ƙwararrun ma'aikata uku su tafi, fursuna ɗaya ya dawo. Da mutane suka noƙe, sai aka kafa aikin dole a Fabrairun 1943, aka kwashi samari fiye da 600,000 zuwa masana'antun Jamus. Da yawa daga waɗanda suka ƙi tafiya sun shige daji da duwatsu, suka zama 'yan turjiya.

Ta yaya zan gane abin da Jamus ta tilasta da abin da Vichy ta yi don raɗin kanta?

Yawwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Babu ma'auni guda da zai raba maka su sarai, amma akwai abin da za ka duba, kuma kowanne yana da inda yake yaudara.

Fara da wurin da abin ya faru. An raba ƙasar da layi: arewa da gaɓar Atilantika, wajen kashi uku cikin biyar, suna hannun sojan Jamus, kudu kuwa babu mamaya har 11 ga Nuwamba 1942. Abin da aka yi a kudu kafin wannan rana, da wuya a ɗora wa bindigar Jamus. Sansanonin Gurs da Rivesaltes a kudu suke, Faransawa ke gadinsu. A Agustan 1942 'yan sandan Faransa suka kama Yahudawa baƙi a kudu suka miƙa, a yankin da babu rundunar Jamus. Amma kada ka ɗauka duk abin da ya faru a arewa aikin Jamus ne. Ma'aikatan gwamnati da 'yan sanda na arewa ma na Vichy ne. Kamun Yahudawa da ake kira Vél d'Hiv a Paris, 16 da 17 ga Yulin 1942, mutum 13,152, cikinsu yara fiye da 4,000, Jamus ce ta nema, amma 'yan sandan Faransa ne suka ƙwanƙwasa ƙofofi, bisa yarjejeniyar da shugabansu René Bousquet ya ƙulla da Carl Oberg na SS, rundunar tsaro ta 'yan Nazi.

Sai ka duba wa ya sa hannu, da kwanan wata. Umurnin soja na Jamus daban, dokar Vichy daban. Tauraro rawaya da aka tilasta wa Yahudawa liƙawa a riga daga Yunin 1942 umurnin Jamus ne, a arewa kaɗai ya yi aiki, Vichy ba ta ɗauke shi a kudu ba. Masu kare Pétain na son wannan misali. Sai dai a Disamban 1942 ita Vichy ta yi dokar buga hatimin "Bayahude" a katin shaida da katin abinci, wanda ya fi tauraron amfani ga mai farauta. Dokar 3 ga Oktoba 1940 da ta kori Yahudawa daga koyarwa, alƙalanci, jarida da manyan muƙaman soja kuwa, babu takardar da ta nuna Jamus ta nema. A 2010 aka fito da daftarinta ɗauke da gyaran hannu da ake dangantawa da Pétain, gyaran kuma tsanantawa ya yi.

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne ƙasashen mallaka. Babu sojan mamaya a Aljeriya a 1940, amma ranar 7 ga Oktoba Vichy ta soke dokar Crémieux ta 1870, ta ƙwace wa Yahudawan Aljeriya zama 'yan ƙasa. Wa ya riƙe mata wuya a can?

Inda abin ke rikicewa shi ne lokacin da Jamus ta nemi abu, Vichy ta ce bari ni in yi da hannuna don a ga har yanzu ni ce gwamnati. Da aka fara harbe sojojin Jamus a Agustan 1941, Vichy ta kafa kotuna na musamman da doka mai komawa baya, aka kashe mutane kan laifin da aka riga aka yanke musu ɗauri. Akwai matsin Jamus a ciki, akwai kuma son nuna iko. Haka batun yara a 1942: rahoton jami'in SS Theodor Dannecker ya nuna Laval ne ya ba da shawarar a haɗa da 'yan ƙasa da shekara 16 daga kudu. A irin wannan kada ka nemi amsa ɗaya. Rubuta wa ya nema, wa ya yarda, wa ya aiwatar, ka bar kowa da kasonsa. Kuma ka yi hattara da abin da ministocin suka rubuta bayan yaƙi, kowa wanke kansa yake yi. Masanin tarihi Robert Paxton ya rushe labarinsu a 1972 ne da takardun Jamusawa, waɗanda suka nuna sau da yawa Vichy ce ke roƙon a yi haɗin gwiwa, Hitler na yi mata ko-in-kula.

Amma ai Pétain garkuwa ya zama wa jama'a?

Hujjar da ya kawo gaban kotu ke nan. An kwashi Yahudawa kimanin 76,000 daga Faransa, 'yan dubbai kaɗan suka dawo. Gaskiya ne wajen kashi uku cikin huɗu sun tsira, amma ku nemi dalilin a wurin maƙwabta da limaman coci da ƙauyawa da suka ɓoye mutane, da faɗin ƙasar. Shi da bakinsa ya faɗa a rediyo ranar 30 ga Oktoba 1940, bayan ya gaisa da Hitler a Montoire, cewa ya shiga hanyar haɗin gwiwa.

Me ya haɗa mu da wannan?

A lokacin Nijar na ƙarƙashin Vichy, Najeriya kuwa na hannun Birtaniya. Gwamna Janar Pierre Boisson a Dakar ya riƙe wa Pétain duk Afirka ta Yamma ta Faransa, har ya kori jiragen Birtaniya da de Gaulle a Satumban 1940. Chadi kuwa, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi de Gaulle ranar 26 ga Agusta, Kamaru ta biyo washegari. Ka ga ke nan Maraɗi da Katsina, Damagaram da Kano, sun wayi gari a ɓangarori biyu masu gaba har ƙarshen 1942, lokacin da Boisson ya juya bayan saukar Amurka da Birtaniya a Arewacin Afirka. Kada kuma a ce Vichy ce ta kawo aikin dole: ta tarar da shi ta tsananta, kuma ba a soke shi ba sai 1946. Kisan sojojin Afirka a Thiaroye, 1 ga Disamba 1944, a zamanin de Gaulle aka yi.

Na kasa riƙe sunayen.

Kwantar da hankalinka, huɗu sun ishe ka. Pétain shugaba. Laval mai ciniki da Jamus, an kore shi a Disamban 1940, ya dawo a Afrilun 1942. Admiral Darlan ya riƙe tsakani, aka harbe shi a Aljiyas a Disamban 1942. Joseph Darnand shugaban Milice, 'yan bangar da aka kafa a Janairun 1943 don farautar 'yan turjiya.

Yaya suka ƙare?

Jamusawa sun kwashe Pétain da muƙarrabansa zuwa Sigmaringen, wani gari a Jamus, a 1944. An harbe Darnand da Laval a Oktoban 1945. An yanke wa Pétain kisa, de Gaulle ya mai da shi ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsibirin Yeu a 1951 yana da shekara 95. Bousquet bai fuskanci shari'a kan kamun 1942 ba, wani ya harbe shi a gidansa a 1993. Sai ranar 16 ga Yuli 1995 shugaba Jacques Chirac ya amsa a bainar jama'a cewa hukumar Faransa na da hannu a kwasar Yahudawa.