Ƙungiyoyin da ba na neman riba ba a Jihar Kaduna: tambayoyi da amsoshi daga Zariya

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa, ya same ni a gida bayan la'asar, ya ce, "Kawu, aikin NGO nake so, amma ai nan Zariya babu su, sai mutum ya tafi Abuja ko Maiduguri." Maganar ta tsaya mini a rai, domin a makarantar Islamiyya ta ƙungiya ya yi karatu, kuma ranar da mahaifinsa ya rasu 'yan kwamitin maƙabarta ne suka haƙa kabarin ba su karɓi ko sisi ba. Ga tambayoyin da ya yi mini da amsoshin da na ba shi, na ɗan faɗaɗa su.

Wace ce ƙungiyar da ba ta neman riba, wato NGO? Wadda ba ta taɓa kuɗi ke nan?

A'a. Tana karɓar kuɗi, tana biyan albashi, har ma tana iya sayar da wani abu. Bambancinta da kamfani shi ne inda rarar take zuwa. Idan shekara ta ƙare kamfani ya sami rara, masu hannun jari ke rabawa. Ita kuwa ƙungiya, rarar komawa take yi cikin aikin da aka kafa ta dominsa. Islamiyyar da ke karɓar kuɗin wata, ta biya malamai, abin da ya rage ta sayi tabarmi da alli ko ta ƙara aji, tana cikin wannan sahu. Doka ma ta ce idan aka rushe ƙungiya mai rajista, ba a raba wa 'ya'yanta dukiyar, sai dai a miƙa wa wata mai irin manufarta.

To nawa ne a Jihar Kaduna?

Duk wanda ya ba ka adadi, ka tambaye shi a wace ƙofa ya tsaya ya ƙirga, domin ƙofofin rajista da yawa suke. Wasu suna zuwa hukumar yi wa kamfanoni rajista ta tarayya, wato CAC. Wasu a ma'aikatar jiha suke tsayawa, wasu a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma ƙananan hukumomi 23 ne a jihar. Ƙungiyoyin gama-kai na manoma da 'yan kasuwa suna da tasu dokar da nasu ofishin. Sai kuma ɗimbin waɗanda ba su taɓa shiga kowace ƙofa ba, alhali aikinsu na tafiya shekara da shekaru.

Na ce wa yaron ya ajiye lissafin jiha, ya ƙirga na layinmu kawai. Ya fara: kwamitin masallaci, Islamiyyar yara, makarantar matan aure ta dare, 'yan sintiri, ƙungiyar matasa masu yashe kwalbati kafin damina, masu tara kuɗin gyaran taransifoma, adashin matan da ke sayen kayan sallar marayu. Bakwai ke nan, bai kai bakin titi ba. Sai ka ɗauki wannan ka auna da Kwarbai, da Gyallesu, da Tudun Jukun, da Samaru, da Muciya, sannan ka fita zuwa Giwa da Soba da Makarfi, ka gangara Kafanchan da Zonkwa. A ganina, ƙungiyoyin da ke da ofis da allon suna da farar mota su ne 'yan kaɗan a wannan fage, ko da yake su aka fi gani a talabijin.

Iri-irinsu fa?

Na addini ne suka fi kowa yawa da nisan zango. Jama'atu Nasril Islam a Kaduna aka kafa ta a 1962, zamanin Sardauna, kuma har yau can hedikwatarta take. Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, da Fityanul Islam, da zawiyoyin ɗariƙu, duk suna da makarantu da 'yan agaji a faɗin jihar. FOMWAN ta mata Musulmi, da aka kafa a Minna a 1985, tana aikin ilimi da lafiyar mata. A ɓangaren Kirista akwai ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, akwai coci-coci masu makarantu da asibitoci, akwai kuma zumuntar mata da kusan kowace coci take da ita. Asibitin St. Luke da ke Wusasa na Angilikan ne, kuma Musulmi da Kirista duk suna kwanciya a gadajensa.

Akwai na ilimi. A nan gida muna da ZEDA, ƙungiyar bunƙasa ilimin Zariya, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai irin na kwalejojin Barewa da Alhudahuda, masu komawa su gyara ajin da suka zauna a ciki. Akwai Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata, CGE, da ke tara 'yan mata a ƙauyukan kewayen Zariya, wata babbar mace ta riƙa koya musu karatu da lissafi da sanin ciwon kai don kada su bar makaranta.

Akwai na yanki da ƙabila, irin su ACF ta dattawan Arewa da aka kafa a 2000, da SOKAPU ta mutanen kudancin Kaduna, da Miyetti Allah ta makiyaya, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da Yarbawa da Ibo da sauran mazauna Sabon Gari suke taruwa a cikinsu ranar Lahadi.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na sulhu, domin jihar nan ta ga jini. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992. Faston ya rasa hannu, limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. A 1995 suka fara aiki tare, abin da ya zama cibiyar sasanta mabiya addinai da ke Kaduna, har ana gayyatarsu wasu ƙasashe.

Sai masu sa ido kan gwamnati, masu bin kasafin kuɗi su ga ko an gina asibitin da aka rubuta. Sai ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman, makafi da kurame da guragu, da na masu sikila, da na masu ba da jini kyauta.

Ba Turawa ne suka kawo mana wannan ba?

Takardar rajista da kalmar NGO su suka kawo. Aikin kuwa sun tarar da shi. Gayya ta girmi kowace hukuma: a taru a nome gonar mara lafiya ko a ɗora wa gwauruwa jinka. Haka adashi, haka wakafi, haka ciyar da almajiri da baƙo. Ko irin ta zamani, mai shugaba da sakatare da ma'aji, Zariya ba baƙuwarta ba ce. A 1948 Dakta Dikko, likita na farko daga Arewa, ya tara 'yan boko a garin nan suka kafa ƙungiya, ta haɗu da takwararta ta Kaduna aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa. Da sunan ƙungiyar al'adu ta fara, sai a 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa.

Daga ina kuɗi ke zuwa?

Mafi yawa daga aljihun talaka. Na taɓa zama a taron kwamitin maƙabartarmu bayan sallar isha'i, a zauren mai unguwa. Ma'ajin, wani dattijo tela, ya buɗe littafi mai bangon da ya sha hannu, ya haska da fitilar waya, yana karanto abin da kowane gida ya bayar, da abin da aka kashe a kan diga biyu da shebur da itacen rufi. Da lissafin ya ƙi cika, ya duba sama ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai ɗari biyar ta mai kurar ruwa, ban rubuta ba." Ya rubuta a gabanmu. Da irin wannan ake katange maƙabartu, ake sayen magani ga wanda aka kwantar a asibitin Shika ba shi da kowa.

Bayan wannan sai zakka da sadakar attajirai, da baikon coci, da kuɗin wata na 'yan ƙungiya. Tallafin ƙasashen waje yana da girma, amma hannu kaɗan yake shiga, kuma ba shi da tabbas. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a farkon 2025, ƙungiyoyin da suka jingina da shi a Nijeriya sun ji a jikinsu, ma'aikata suka zauna a gida. Kwamitin maƙabarta bai ma san an yi ba.

Dole ne sai an yi rajista?

Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya ko shiga cikinta. Amma in kuna son asusun banki da sunan ƙungiya, ko mallakar fili, ko neman tallafi, sai da takarda. A CAC za ku naɗa amintattu, ku rubuta tsarin mulkinku, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan nan akwai rahoton shekara-shekara, wanda a nan ne da yawa suke sakaci. Bankuna kuma sukan nemi takardar SCUML, sashen EFCC mai hana halatta kuɗin haram. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ƙara wa CAC ikon dakatar da amintattu idan an sami almundahana, abin da shugabannin addini, musamman CAN, suka yi ta ƙorafi a kai.

Suna biyan haraji?

Gudummawar da aka ba ƙungiyar jinƙai mai rajista ba a cire mata haraji. Amma ma'aikatanta masu albashi suna biyan nasu ga hukumar harajin jiha, kuma in ta shiga kasuwanci, ribarsa tana da nata hukuncin.

Yaya za a gane ta gaskiya?

Ba zan ɓoye ba, akwai 'yan cin amana. Wata shekara wasu suka zo unguwarmu da riguna iri ɗaya, suka tara zawarawa tun hantsi har azahar a rana, aka ɗora wa kowacce buhun shinkafa aka ɗauki hoto, sannan aka karɓe buhunan aka ba su mudu bibbiyu. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, da sun ce mudu biyu ne ai da mun gode, me ya kawo hoton?" Har yau ina jin zafin wannan rana.

Don haka nakan yi tambaya uku. Su wa ke sa hannu a fitar da kuɗi, mutum ɗaya ne ko fiye? Yaushe aka karanta wa 'yan ƙungiya lissafi na ƙarshe? Ina aikin bara, in je in gani da idona? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan.

Ni da nake son shiga, ta ina zan fara?

Na ce masa ya fara da littafin dattijon tela. Idon tsohon ya fara rauni, kuma kwamitin na neman matashin da zai mayar da lissafin cikin kwamfuta, ya riƙa rubuta rahoton wata. Masu ɗaukar aiki a manyan ƙungiyoyi abin da suke tambaya ke nan: me ka taɓa riƙewa, wa zai shaide ka. Ranar Alhamis bayan isha'i ake zama, na kuma gaya wa mai unguwa zan zo da shi.