Don Allah ku daina jibga wa kwamfuta ɗaya katangar tsaro biyu

Assalamu alaikum jama'a. A cibiyar da nake koyar da kwamfuta, kukan da ake kawo mana kusan iri ɗaya ne: ta yi nauyi, intanet ya nuna ya haɗu amma shafi ya ƙi buɗewa, firintar da ta yi aiki jiya yau ta ɓace, wani lokaci allo ya yi shuɗi ta ɗauke ta sake tashi. Mai ita ya rantse bairos ne. Mu buɗe, sai mu tarar da tarin manhajojin tsaro: McAfee na gwaji da aka sayo ta da shi, Avast da mai gyara ya sa, ZoneAlarm ko Comodo da ɗan maƙwabta ya sauko da shi wai don ƙarin tsaro, ga Smadav a gefe, ga na Windows ɗin kansa. Kowanne shi kaɗai ba shi da laifi. Laifin na wanda ya tara su ne.

Haba 'yan uwa! Taura biyu ba ta taunuwa. Katangar tsaro, wato fayawol, aikinta ta tsaya tsakanin kwamfutarka da intanet, duk abin da zai shiga ko zai fita sai ta duba dokokinta. In ka sa biyu, kowacce da nata dokokin: wannan ta bari, waccan ta tare, kai kuma ba ka san wacce ta tare ba. Dukkansu can cikin Windows suke kafa kansu, wurin da katin sadarwa yake aiki, shi ya sa rigimarsu take kai wa ga shuɗin allo. Antibairos, wato manhajar da take farautar bairos, shi ma in ka sa biyu haka ne. Ka buɗe fayil ɗaya, kowanne ya ruƙe shi sai ya gama bincike, wani lokaci ɗaya ya ɗauki kayan ɗan uwansa a matsayin cuta. Kwamfuta ta hannu mai RAM 4GB da tsohon faifai, ina za ta kai wannan kaya?

Ni nauyin ma ba shi ne yake damuna ba. Abin da yake biyo baya ne. Gargaɗi ya yi ta faɗowa daga nan da can, mutum ya gaji, ya koma danna Allow, wato a bari ya wuce, ba tare da ya karanta ba, har ranar da mugun abu zai nemi izini shi ma ya samu. Ko kuma, wanda ya fi yawa, a kashe su duka don Zoom ya yi aiki ko don a samu cike fom, a manta ba a kunna ba. Wanda ya fara da katanga uku ya wayi gari ba ko ɗaya. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta ƙofar raba fayil ta Windows, mai lamba 445, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft, kamfanin da yake yin Windows, ta fitar da gyaran wannan ɓarakar tun watan Maris. Sabunta Windows da katanga ɗaya a kunne ake buƙata a lokacin, ba tarin manhajoji ba.

Na san da kyakkyawar niyya kuke yi. Hajiya tana tsoron hotunan jikoki, malam yana tsoron sakamakon ɗalibai, ɗalibi yana tsoron furojet ɗinsa. Ku kwantar da hankalinku, Windows ba a tsirara yake zuwa ba. Tun 2004, lokacin da aka fitar da babbar sabuntawar Windows XP mai suna Service Pack 2, katangarsa a kunne take zuwa, kuma tun Windows 8 a 2012 Defender yake cikinsa a matsayin cikakken antibairos. In ka sa wani antibairos na gaske, Defender da kansa yake ja da baya, in ka cire ya dawo. Su na waje ne ba sa ja wa juna baya. Da yawansu suna gargaɗi lokacin sakawa cewa akwai wani a ciki, a cire shi tukuna, amma a danna a wuce. Har akwai masu haɗa Avast da AVG suna murna, ba su san tun 2016 Avast ta saye AVG ba, injin bincikensu ɗaya ne.

Kuma a lura, manyan fakiti irin su Norton 360 da Bitdefender Total Security da katangarsu suke zuwa. Mai ɗaya daga cikinsu da ya ƙara ZoneAlarm, ya yi biyu ke nan ko bai sani ba. Wanda yake son ya ga wace manhaja ce take shan masa data a ɓoye ya hana ta fita, akwai GlassWire da Windows Firewall Control, su da katangar Windows suke aiki, ba sabuwa suke ginawa ba. In data ce kawai damuwarka, ka kunna Metered connection, wato saitin Windows na taƙaita shan data, a kan wayifai ɗin wayarka ko mayifai.

Ku kuma masu sa antibairos na sata, wanda aka fasa aka kwafo a filashi, ku ji tsoron Allah a kan kayanku. Manhajar da ta ce sai ka kashe tsaronka kafin ta shiga, me kake tsammanin ta ɗauko? Masu gyara, da ku nake: ku daina cika wa mutane kwamfuta don su ga an yi aiki.

Ga abin yi, a gurguje:

- Buɗe Windows Security, wato sashen tsaro na Windows, duba sunan wanda yake riƙe da katanga da wanda yake riƙe da antibairos. Ɗaya-ɗaya ake so.
- Kwafe muhimman fayiloli a gefe, sannan ka cire sauran ɗaya bayan ɗaya, kana sake kunna kwamfutar bayan kowanne.
- Wanda ya ƙi fita, kamfaninsa yana da abin cirewa: MCPR na McAfee, Avast Clear na Avast.
- Na gwaji da wa'adinsa ya ƙare, cire shi, kada ka bar shi yana ado.
- Firinta ta ɓace? A saitin Windows, mayar da wayifai na gida Private, wato amintacce, kada ka kashe katanga.
- Malwarebytes na kyauta, mai bincike sai an kira shi, ba ya cikin wannan faɗan.

Mai Windows 7 kuwa, Microsoft ta daina yi masa gyara tun Janairun 2020, na Windows 10 ma wa'adinsa na yau da kullum ya cika a Oktoban 2025, kuma ko katanga goma ka jera ba za su toshe wannan ɓarakar ba, sai komawa Windows ɗin da ake ci gaba da yi wa gyara. In kwamfutar ta ofis ce, kada ka cire komai, kai ta wurin mai kula da su. Ta gida kuma in ta gagare ka, kawo mana ita da cajarta, kuma don Allah kada ka ƙara mata wani abu a hanya.