Sos ɗin Abarba na Gasasshen Nama: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Tun ranar da na gasa haƙarƙarin rago da wannan sos ɗin na abarba, wato haɗin da ake shafa wa nama a wajen gashi, a wata Babbar Sallah, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da tambaya a kansa ba, kuma tambayoyin kusan ba sa canzawa. Na tattara su a nan domin in amsa gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya kuwa wannan rubutun zan nuna masa.

Tambaya: Me ya sa nawa ya yi baƙi ƙirin a jikin naman, kuma ya yi ɗaci?

Amsa: Da wannan na fara domin ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi ba ni haushi. Kun shafa shi tun naman yana ɗanye, shi ya sa. Sos ɗin cike yake da sukari, na abarba da wanda kuka ƙara, shi kuwa sukari yana fara sauya launi ne a wajen digiri 160 na ma'aunin Salshiyas, alhali garwashin gawayi ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ku gasa naman da gishiri da kayan ƙamshi kaɗai har ya kusa nuna, sannan a minti 10 na ƙarshe ku ja garwashin gefe guda, ku shafa sos ɗin kaɗan, ku juya, ku sake shafawa sau biyu ko uku. Idan kun yi daidai za ku ga yana tsastsafo a hankali, yana sheƙi, gefensa yana yin ja mai duhu. Idan kuka ji ƙauri, kun makara.

Tambaya: Wai shi wannan sos ɗin mene ne, kuma daga ina ya fito?

Amsa: Haɗi ne mai kauri da ya tara zaƙi da tsami da ɗan yaji, wanda ake shafa wa nama a kan wuta ko a dangwala a lokacin ci. Daga gashin nama irin na Amurka ya fito, inda kowane yanki yake da nasa salon: na birnin Kansas ya fi kauri da tumatir da zaƙin rake, na gabashin jihar Karolaina ta Arewa kuma kusan ruwan khal ne da barkono. Mai abarba ana danganta shi da tsibiran Hawai, inda James Dole ya kafa kamfanin abarbarsa a 1901, ko da yake ita abarbar asalinta daga Kudancin Amurka ne.

Tambaya: Zai iya maye gurbin yajin tsire?

Amsa: A'a. Yajin ƙuli busasshe ne kuma yana jure wuta, wannan kuwa jiƙaƙƙe ne kuma ba ya jurewa. Kowanne da muhallinsa.

Tambaya: Me ake zubawa, kuma yaya ake haɗawa?

Amsa: A nemi rabin abarba matsakaiciya wadda ta nuna sosai, a fere ta, a ƙwaƙule idanun, a markaɗa har ta ba da kamar kofi 2. A soya albasa 1 da aka yanka ƙanana a cikin mai babban cokali 2 har ta yi laushi, a zuba tafarnuwa ƙwaya 4 da ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, duka a daddake, sannan a sa ƙaramin gwangwanin tumatir mai giram 70 a soya shi na minti 3 domin gafinsa ya fita. Daga nan sai a juye abarbar, a ƙara mazarƙwaila babban cokali 3, ruwan khal babban cokali 3, attarugu 1, gishiri ƙaramin cokali 1 da ɗan masoro. A rage wuta, a bar tukunyar a buɗe tana ɓararraka a hankali na minti 25 zuwa 30, ana juyawa lokaci zuwa lokaci domin kada ya kama. Mai son ya yi sumul sai ya sake markaɗawa bayan ya huce. Na zaɓi mazarƙwaila ne da gangan, domin ɗanɗanon rakenta shi ne mafi kusa da baƙin ruwan raken da Amurkawa suke zubawa, kuma ga ta a kasuwa da araha.

Tambaya: Zan iya jiƙa naman a ciki ya kwana domin ya yi laushi?

Amsa: Wannan ce kaɗai tambayar da ba zan iya amsawa da i ko a'a ba, domin amsar ta danganta da abubuwa da yawa, kuma ina roƙon a karanta ta har ƙarshe. Abu na farko shi ne a san wanne ake nufi, ɗanyen ruwan abarba ko sos ɗin da aka dafa. Ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari mai suna bromelen wanda yake narkar da furotin, kuma shi ne yake sa harshe ya riƙa ƙaiƙayi idan mutum ya sha ta da yawa. Aikinsa ɗaya da na ganyen gwanda da wasu suke naɗe nama a ciki. Zafin dahuwa yana kashe ƙarfinsa gaba ɗaya, saboda haka sos ɗin da ya yi rabin awa a kan wuta ba zai tausasa nama ba ko da ya kwana a cikinsa, ɗanɗano kawai zai ba shi.

Ɗanyen ruwan kuwa yana aiki, har ma ya wuce gona da iri. Na gani da idona a gidan wata 'yar'uwata wadda ta jiƙa cinyar ragon layya a cikin markaɗaɗɗiyar abarba tun bayan isha'i. Da gari ya waye muka ɗaga yanka ɗaya, sai bayansa ya riƙa saɓulewa a hannu kamar an tauna an tofar, ya yi fari-fari, ko a tsinke ya ƙi zama. Da aka gasa, waje ya yi laɓo-laɓo, ciki kuma yana nan da taurinsa, domin sinadarin a saman nama yake aiki, ba ya ratsawa can ciki. Wannan shi ne abin da mutane ba sa ganewa: ƙarin lokaci lalata bayan naman yake yi kafin ya taɓa tsakiyarsa.

To nawa ne lokacin da ya dace? A nan dole in yi taka-tsantsan, domin abarba ta fi abarba ƙarfi, kuma nama ya fi nama tauri. A abin da na gwada, naman sa da aka yanka fale-fale kamar na tsire minti 20 zuwa 30 ya ishe shi. Naman tsohon rago ko na akuya da aka yanka gunduwa-gunduwa yana iya kai awa 1, wani lokaci 2, amma ni nakan taɓa shi da yatsa bayan kowane rabin awa. Kazar gidan gona da ma laushi gare ta, minti 15 ma yana iya yi mata yawa, kuma a ganina ba ta buƙata. Kazar Hausa ta fi amfana, sai dai ko ita na fi son a ɗan tafasa ta kafin gashi. Kifi kada a kusanta shi da ɗanyar abarba ko kaɗan. Zuciyar abarbar, wato wannan sashe mai tauri na tsakiya, ta fi tsokar ƙarfin sinadarin, don haka wanda ya markaɗa da ita sai ya rage lokaci. Sanyin firij yana rage saurin aikin amma ba ya tsayar da shi, a zafin bazara kuwa aikin ya fi sauri, ga kuma haɗarin lalacewar naman idan an bar shi a waje.

Idan kuma dafaffen sos ne kuke son naman ya kwana a ciki, babu laifi matuƙar a firij ne, da sharaɗin ku share shi daga jikin naman kafin ku ɗora a wuta, in ba haka ba kun koma matsalar ƙonewa. Ni dai abin da nake yi shi ne in bar naman ya kwana da gishiri, citta da tafarnuwa, idan mai tauri ne in ba shi ɗan gajeren lokaci a ɗanyar abarba da safe, in ɗauraye, in tsane shi da kyau, sos ɗin kuma ya jira ƙarshen gashi. Wanda naman nasa ya riga ya saɓule kada ya zubar, ya dafa shi ya mayar da shi dambu.

Tambaya: Ruwan khal ya halatta?

Amsa: Ya halatta, kuma hadisin da ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci yana cikin Sahih Muslim. Abin da za a kula da shi shi ne wasu girke-girken Turawa suna zuba giya a irin wannan sos ɗin, a tsallake ta, babu abin da zai ragu.

Tambaya: Ba ni da khal, me zan sa?

Amsa: Ruwan tsamiya mai kauri babban cokali 3, kuma wallahi a bakina ya fi khal ɗin daɗi da naman rago. Lemon tsami ma yana yi, amma a matsa shi bayan an sauke tukunya.

Tambaya: Abarbar gwangwani ko lemon kwali za su yi?

Amsa: Ta gwangwani za ta yi, sai dai a rage mazarƙwaila idan a ruwan sukari aka adana ta, kuma a sani ba ta tausasa nama tunda an riga an dafa ta. Lemon kwali kuwa ban yarda da shi ba, galibinsa ruwa ne da sukari da ƙamshi. Abarba tana zuwa mana daga kudu mota-mota, babu dalilin wannan ƙyuiya. Ku shinshina gindinta, idan ƙamshin zaƙi ya bugi hancinku ta nuna. Kada ku sayi wadda ba ta nuna ba da tunanin za ta ƙara zaƙi a gida, domin abarba ba ta ƙara sukari bayan an cire ta daga gona.

Tambaya: Nawa ya tsinke, in zuba fulawa?

Amsa: Kada ku soma. Ku mayar da shi wuta ba tare da murfi ba. Idan kuka tsoma cokali kuka ja yatsa a bayansa layin ya tsaya bai haɗe ba, ya yi, kuma zai ƙara kauri idan ya huce.

Tambaya: Kwana nawa yake yi?

Amsa: A kwalba mai tsabta da murfi, mako 1 a firij ɗin da yake samun wuta a kai a kai, a firiza kuma wata 3. Idan wutarku irin ta ɗauke-kawo ce, ku dafa iya wanda za ku cinye a ranar ko washegari, kada tsamin da ke cikinsa ya ruɗe ku. Kuma kada a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, domin tsami yana cin ta, sai ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe.

Akwai abin da ba a taɓa tambayata ba amma nake gani kullum, kuma ya fi duk waɗannan haɗari: a tsoma buroshi a kwano, a shafa wa kazar da ba ta gama nuna ba, a mayar da shi kwanon, sannan a kai ragowar gaban yara su dangwala. Ku raba sos ɗin gida biyu tun kafin ku hura wuta, na shafawa daban, na ci daban, ragowar na shafawa kuma a zubar ko a sake tafasa shi sosai. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74, wanda ba shi da ma'auni ya tsaga kusa da ƙashin cinya ya tabbatar babu jini.

Tambaya: Maigidana ya ce nama da zaƙi ba sa haɗuwa, in haƙura?

Amsa: Kada ki damu, 'yar'uwa, da yawa haka suke cewa a karon farko, domin bakinmu ya saba da gishiri da yaji a kan gasasshen nama. Ki rage mazarƙwailar zuwa cokali 1, ki ƙara attarugu da tsamiya, ki gasa masa nasa da yajin da ya saba, sannan ki ajiye sos ɗin a ɗan kwano a gefe tare da yankakkiyar albasa, ki bar shi ya dangwala da kansa.