Injin Busar da Kaya Ya Ƙi Yin Zafi, Ko Ya Ƙi Daina Yi: Yadda Yake Gane Matsalar Hitarsa

Me ke faruwa a cikin injin daga lokacin da aka danna maɓalli?

Abubuwa uku ne ke busar da kayan sawa: zafi, iska da juyi. Moto ɗaya ne yawanci ke juya gangar da kaya ke ciki, shi ne kuma ke juya fankar da ke jawo iska. Iskar takan ratsa ta kan hita ta ɗauki zafi, ta shiga cikin jiƙaƙƙun kaya ta kwashi laima, ta bi ta matatar da ke tare ɓurɓushin zare, sannan ta fice. A wasu injina bututu ne ke kai ta waje, a wasu kuma ana sanyaya ta ruwan ya taru a ɗan tanki.

Ita hitar ba komai ba ce illa murɗaɗɗiyar waya ta haɗin ƙarfen nikel da kuromiyom, haɗin da Albert Marsh ya yi wa rajista a 1906. A Amurka irin wannan hita takan ja wajen wat 5,400 a kan bolt 240, a ƙasashen da ke amfani da bolt 230 kuwa yawanci ba ta wuce wat 2,000 zuwa 2,800.

To mene ne aikin ƙwaƙwalwar lantarkin, tunda injinan dā ma suna busarwa ba tare da ita ba?

Injin dā agogo yake bi. Ka murɗa shi zuwa minti 60, zai yi minti 60 ko da kayan sun bushe tun a minti 35. Na yanzu yana da allo mai ƙaramar kwamfuta da ke karɓar rahoto daga ma'aunai, ta yanke shawarar lokacin kunna hita da lokacin kashe ta. Da yake ita kwamfutar da 'yar wuta kaɗan take aiki, ba ta iya ɗaukar amfiya 20 da wani abu da hita ke sha. Sai ta bi ta wani makunni da ake kira rile: ta tura masa ƙaramar wuta, maganaɗisun cikinsa ya haɗe bakin ƙarfe biyu, babbar wuta ta wuce.

Akwai kuma sanduna biyu na ƙarfe a cikin gangar, galibi kusa da matata. Jiƙaƙƙen kaya idan ya taɓa su biyun lantarki yakan ɗan ratsa ta jikinsa, busasshe kuwa ba ya bari. Da haka injin ke sanin aiki ya zo ƙarshe. Idan maiƙon maganin tausasa kaya ya lulluɓe sandunan, sai injin ya ɗauka kaya sun bushe ya tsaya da wuri, mai gida kuma ya hau zargin hitar da lafiyarta lau.

Ta yaya injin ke jin zafi?

Da wani ɗan abu da bai fi ƙwayar wake ba, sunansa tamista. Halinsa shi ne tirjiyar da yake yi wa lantarki tana raguwa idan zafi ya ƙaru. Da yawa daga cikinsu suna nuna om 10,000 a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, wasu om 50,000, kuma da iska ta ɗau zafi adadin yakan yi ƙasa sosai. Allon yana jera shi da wata tirjiya wadda ba ta canzawa, ya riƙa auna ƙarfin wutar da ke tsakaninsu, daga nan ya lissafo zafin.

Wannan tsari yana sa gane mutuwar tamista ya zo da sauƙi. In wayarsa ta tsinke, allon zai ga tirjiya marar iyaka, wato sanyin da babu shi a kowane ɗaki. In wayoyinsa biyu suka haɗe, zai ga sifili, wato zafin da da tuni injin ya narke. Duka biyun sun fita daga hankali, don haka sai ya kashe hita ya fito da lambar da ke nuna matsala. A injinan LG irin wannan lambar takan fara da tE.

Wanda ya fi wuya shi ne tamistan da bai mutu ba amma ya fara ƙarya. Iska tana digiri 75, shi yana cewa 55. Adadin bai fita daga iyaka ba, allon ya yarda, ya ci gaba da hura zafi. Babu lambar da za ta fito, sai dai kaya su riƙa fitowa da zafin da ba a saba ba.

Idan hitar ce da kanta ta mutu fa? Ai ba ta da bakin faɗa.

Hanya mafi arha ita ce jira da kallo. Allon ya kunna rile, ya fara ƙirga lokaci yana duban tamista. Idan mintoci suka wuce zafi bai motsa ba, ya san umarninsa bai isa ba. Sai dai wannan hanya tana da rauni: kaya masu nauyi da suka sha ruwa, a ɗaki mai sanyi, sukan jinkirta tashin zafi ko da komai lafiya. Dole masu ƙira su ba da tazara mai faɗi don kada injin ya riƙa ihu ba dalili, abin da ke sa wasu injina su yi ta juya kaya cikin iska mai sanyi ba su ce uffan ba.

Hanya ta biyu ita ce auna wutar kai tsaye, ko dai yawan wadda ke gudana zuwa hita ko ƙarfinta a bakin rile. Wannan ba ya buƙatar jira. An ce a kunna, wuta ba ta gudana, magana ta ƙare.

Amma a lura da abin da allon ya sani ke nan: layin hita ya yanke. Bai san a ina ba. A kan layin nan ɗaya akwai hita, da rile, da na'urorin kariya daga zafi, da makunnin moto, da mahaɗan wayoyi, kowanne kuma in ya buɗe sakamakon ɗaya ne. Shi ya sa ban yarda da sayen hita sabuwa don kawai lamba ta ambaci zafi ba. A Amurka ma akwai wani tarko na daban. Injin yana shan layi biyu masu bolt 120 kowanne. Moto layi ɗaya ya ishe shi, hita kuwa sai biyun. In layi ɗaya ya ɗauke daga akwatin wutar gida, ganga za ta yi ta juyi babu zafi, alhali babu abin da ya lalace a injin. Injinan Whirlpool sukan nuna L2 a kan wannan.

Wace matsala ce ta fi haɗari?

Hitar da ta ƙi daina zafi. Wadda ta ƙi kamawa ɓata lokaci kawai take yi, wannan kuwa tana iya cinna wa gida wuta, kuma ta hanya biyu take zuwa.

Ta farko daga rile ne. Duk sa'ar da ya buɗe ko ya rufe, ɗan tartsatsi yakan tashi a bakinsa. Bayan dubban kunnawa da kashewa bakin yakan cinye, wata rana ya narke ya manne. Kwamfuta ta ce a kashe, wuta na ci gaba da wucewa.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Wayar hita idan ta tsufa takan saki ta lanƙwaso, ko ta tsinke bakinta ya faɗo, ta taɓa gidan ƙarfen da take ciki. A gidan da ke da makunnin kariya mai jin yoyon lantarki, irin mai miliamfiya 30, nan take wuta za ta ɗauke, an tsira. A tsarin layi biyu na Amurka kuwa, sau da yawa rile layi ɗaya kawai yake yankewa. Ɗayan layin sai ya bi ta guntun wayar zuwa jikin injin ya sauka ƙasa. Mu lissafa: cikakkiyar hita mai wat 5,400 tana da tirjiya wajen om 10 da rabi. In ta taɓa a tsakiya, rabinta om 5 da ɗoriya ne, a kan bolt 120 zai ja kimanin amfiya 22, ya ba da zafin wat 2,700. Makunnin akwatin gida na amfiya 30 ne, saboda haka bai ga laifi ba. Ga hita tana ci, allon kuma yana ganin ya kashe ta.

Alamar da ke tona wannan ita ce zafi a inda bai kamata ba. Ka zaɓi tsarin iska zalla, ko injin ya shiga mintocin hucewa na ƙarshe, amma zafi yana hawa maimakon sauka. Allo mai kyakkyawan tsari yana lura da wannan saɓani, ya tsayar da moto. Tsayar da moton kuwa yana da dalili: a jikinsa akwai makunnin da ƙarfin juyi ne ke rufe shi, kuma wutar hita ta cikinsa take bi. Moto na tsayawa, hita ta rasa wuta. Duk wanda ya taɓa kayansa ya ji zafi bayan tsarin iska zalla, ya zare injin daga soket har sai an duba.

In ita ƙwaƙwalwar ce ta rikice, wa zai tsayar da ita?

Masu gadin da ba ruwansu da kwamfuta. Kusa da hita akwai tamostat mai faifan ƙarfe biyu manne. Zafi ya wuce kima sai faifan ya banƙare ya yanke wuta, in ya huce ya koma. Bayansa akwai fis na zafi, wanda sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa: ya narke ya yanke, ba ya dawowa. Wanda ake sawa a hanyar fitar iska a wasu injina yakan yanke a wajen digiri 90.

Akwai masu gyaran da idan suka tarar da wannan fis ya ƙone sai su haɗe wayoyinsa biyu, injin ya tashi, a yi murna. Wannan ba gyara ba ne, cire mai gadi na ƙarshe ne daga injin da ya riga ya nuna yana wuce gona da iri. Ko canza shi da sabo bai wadatar ba in ba a gano abin da ya ƙona shi ba, don zai sake ƙonewa.

Me ya fi yawan ƙona shi?

Toshewar iska. Hita tana zuba zafi iri ɗaya ko iska na gudu ko ba ta gudu. In ɓurɓushin zare ya cushe matata ko bututu, zafin ba shi da mai ɗauke shi, sai ya taru a gidan hita. Injin da ke da tamista biyu, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita, yana iya ganewa: mashiga ta yi zafi da sauri, mafita kuma ta ƙi bi. LG yana nuna d80, d90 ko d95 gwargwadon kason toshewar cikin ɗari, Whirlpool kuma AF.

Shi ɓurɓushin kansa makamashi ne. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 2008 da 2010 ana samun gobarar injin busar da kaya kusan 2,900 a gidaje kowace shekara, kuma rashin sharewa ne kan gaba da kashi 34 cikin ɗari. A Birtaniya, a 2015 kamfanin Whirlpool ya bayyana cewa injinan Hotpoint, Indesit da Creda da aka ƙera daga 2004 zuwa 2015, sama da miliyan 5, suna da aibin da ke barin ɓurɓushi ya kai ga hita. Ɗaya daga cikinsu ne ya tayar da gobara a wani dogon bene a Shepherd's Bush da ke Landan a Agustan 2016, sannan a 2019 aka yi kiranyen waɗanda ba a gyara ba. Ɓurɓushin da ya kama a kan hita yana iya ci tun kafin tamistan da ke can mafita ya ji wani canji.

Me mai gida zai iya dubawa da kansa?

Matata bayan kowace busarwa, bututu daga bayan injin har bakinsa na waje, sandunan laima a goge su da ɗan tsumma, sai makunnin akwatin wuta. Abin da ya wuce nan na mai mitar auna tirjiya ne, kuma bayan an zare injin daga wuta. Lafiyayyar hita ta Amurka takan nuna wajen om 10, mai wat 2,000 a kan bolt 230 kuma wajen om 26. Fis da tamostat idan suna sanyi su nuna kusan sifili. Awon da aka fi mantawa shi ne tsakanin bakin hita da gidanta na ƙarfe: nan bai kamata mita ta ga wata hanya ba sam.

Injinan da aka ce ba su da hita fa?

Waɗannan suna aiki ne irin na firji: kwamfuresa yana zagaya da iskar gas, gefe ɗaya ya yi sanyi ya tatse ruwa daga iska, ɗaya gefen ya sake ɗumama ta. Zafinsu yawanci wajen digiri 50 zuwa 55 ne, kuma wutar da suke sha takan kai rabin ta masu hita ko ƙasa da haka. Allonsu yana sa ido ne kan zafin kwamfuresa da na bututan gas. A nan ma iska ce ke fara kawo matsala, domin akwai matata ta biyu a ƙasan injin, gaban siraran faifan da ke musayar zafi, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. In ta cushe, busarwa takan ja lokaci, kwamfuresa ya yi zafi, allon ya riƙa kashe shi yana jira ya huce kafin ya sake kunnawa.