Yadda turbo ya koma tsakiyar inji

Injin V8 na gargajiya, mai silinda takwas a layi biyu kamar harafin V, ta tsakiya yake shaƙar iska, tsakanin layukan silinda biyu, hayaƙi kuma ya fita ta gefe. Da turbo ya shigo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji ƙarin iska, sai aka rataye shi a waje, ɗaya dama ɗaya hagu. Tsarin da ake wa laƙabi da "V mai zafi" ya juya lamarin: iska ta waje, hayaƙi ta ciki, turbo biyu zaune a cikin kwarin da ke tsakanin layukan.

A filin tsere abin ya fara fice. A 1981 Ferrari ta fito da motar Formula 1 mai suna 126C, injin V6 mai lita 1.5 da aka ware layukansa digiri 120, aka ajiye turbo biyu a tsakani. Injin fetur na motocin da ake sayar wa jama'a bai bi sahu ba sai 2008, da BMW ta sa N63, V8 mai lita 4.4, a cikin X6. Audi ta biyo da nata mai lita 4.0, Mercedes-AMG kuma ta kawo M178 a 2014.

Riba a fili take. Bututun hayaƙi ya gajarta, hayaƙin na isa turbo da zafinsa da ƙarfinsa, don haka jinkirin nan tsakanin taka totur da amsawar mota ya ragu. Matatar hayaƙi tana saurin ɗaukar zafi, injin kuma bai cin wuri ta gefe.

Sai dai kwarin V8, mai digiri 90, matsattse ne, hayaƙin kuwa yakan haura digiri 900 a ma'aunin Selshiyos. N63 na farko shi ya sha wuyar. Robobin bawul suka riƙa ƙandarewa, baƙin mai ya zurara cikin silinda. Alamarsa shuɗin hayaƙi idan mota ta daɗe a tsaye tana silo sannan aka taka. Tiyon ruwa na tsagewa, mai na ƙonewa ya daskare a bututun turbo. Famfon lantarkin da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe mota kuma batir yake ci. A 2014 BMW ta kira masu motocin gyara, ta kuma rage tazarar juyen mai daga mil 15,000, wadda tun farko ta yi wa irin wannan inji yawa, zuwa 10,000.

Da Ferrari 296 GTB da McLaren Artura suka fito a 2021, duka da V6 suka zo, an ware shi digiri 120 kamar na 1981, kwari mai faɗi da zafi ke samun mafita.